Wa ya ci gumin wa a faifan Brubeck?

Akwai wani kiɗa da mutane da yawa suka san amonsa amma ba su san sunansa ba. Kana iya jinsa a zauren otal, ko a ƙarƙashin tallar talabijin, ko a wayar wani da ya mai da shi ƙarar kira. Ganga ce ke fara shigowa a hankali, fiyano ya biyo ta yana nanata abu guda kamar mai kirɓa sakwara, sannan wata busa mai sanyi ta zo ta kwanta a kansu. Sunan kiɗan Take Five, yana cikin faifan Time Out na ƙungiyar Dave Brubeck, wanda kamfanin Columbia ya fitar a Amurka cikin watan Disamba na 1959. Ni a shagon wani mai gyaran rediyo na fara jinsa, ina zaune a benci ina jiran a haɗa mini tsohuwar rakoda. Na yi ta kaɗa ƙafa in bi shi, ƙafar tana ɓata. Mai shagon ya ɗago daga kan aikinsa ya dube ni, ya ce, "Malam, huɗu kake ƙirgawa. Biyar ne."

Shekaru da yawa bayan haka na kunna shi a mota, sai wani abokina, wanda ya fi ni sanin jaz nesa ba kusa ba, ya miƙa hannu ya rage sautin. Ya ce shi ba ya ɓata kunnensa a kan wannan. Jaz, in ji shi, kiɗan baƙar fatar Amurka ne. Jikokin bayi ne suka haife shi a New Orleans, suka rene shi cikin talauci da wulaƙanci, ana hana su kwana a otal ɗin da suka gama yi wa kiɗa. Amma da aka zo rabon riba, faifan jaz na farko da aka sayar da kwafi miliyan ɗaya nasa, na Bature ne. "Mutumina," ya ce, "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi ke nan labarin."

Na daɗe ina juya maganar nan, kuma ba zan ce ba ta da tushe ba. Tana da shi, har ya fi yadda abokin nawa ya kawo. A watan Nuwamba na 1954 mujallar Time ta sa hoton Brubeck a bangonta. Kafin shi, makaɗin jaz ɗaya kaɗai ya taɓa samun wannan, wato Louis Armstrong, gwanin busa ƙaho baƙar fata, a 1949. A lokacin Duke Ellington, babban makaɗin jaz baƙar fata, ya yi kusan shekara talatin yana jan ragamar ƙungiyar da babu kamarta, amma sai 1956 aka tuna da shi. Brubeck da bakinsa ya sha ba da labarin cewa suna yawon wasa tare da Ellington ne mujallar ta fito, Ellington ya ƙwanƙwasa masa ƙofa da sassafe ya miƙa masa ita, shi kuwa kunya ta rufe shi, don ya san wanda ya fi cancanta shi ne wanda ke tsaye a bakin ƙofar. A waɗannan shekarun ne kuma Thelonious Monk, wani gwanin fiyano baƙar fata da yau ake karantar da kiɗansa a jami'o'i, yake zaune kusan babu aiki a birnin Niyok, saboda 'yan sanda sun ƙwace katin izinin da ake bukata kafin a yi wasa a mashayar da ke sayar da giya. Daga 1951 har 1957 bai samu katin nan ba. Kasuwar da ta ɗaga Brubeck karkatacciya ce, duk wanda ya ce ba haka ba bai karanta tarihin ƙasar ba.

Inda muka rabu da abokina shi ne a kan ma'auni. Shi launin fata ya ɗauka ya auna komai, ya gama shari'a kafin a kira shaidu. Ni kuwa ina ganin in za a tuhumi mutum da cin gumin wasu, sai a dubi abin da hannunsa ya aikata: ya ambaci inda ya ɗebo ko ya ɓoye, wa ya samu kuɗi a cikin waɗanda suka yi wahalar, sannan me ya yi ran da tsayawa da abokin aikinsa za ta ci masa aljihu. Da na bi faifan nan da wannan ma'aunin, sai na tarar akwai waɗanda aka ƙware da gaske, amma ba su ne abokina yake yi wa kuka ba.

Bari mu fara da su wane ne a ɗakin. Mutum huɗu ne. Brubeck a kan fiyano, haifaffen Kaliforniya a 1920, ɗan makiyayin shanu, wanda ya shiga kwaleji da niyyar zama likitan dabbobi kafin kiɗa ya janye shi. Ya kusa gamawa aka gano bai iya karanta rubutun kiɗa ba, aka bar shi ya karɓi takarda bisa alkawarin ba zai taɓa koyar da fiyano ba. Paul Desmond a kan saksofon, wata algaitar ƙarfe mai lanƙwasa, sai dai shi busarsa ba ta da kaifin algaita ko kaɗan, kamar iskar asuba take. Joe Morello a kan ganguna, mutumin da tun yana yaro idanunsa ba su gani sosai. Sai Eugene Wright, baƙar fata ɗaya tilo a cikinsu, ɗan Chicago, wanda ya taɓa aiki da ƙungiyar Count Basie. Shi bes yake kaɗawa, wani ƙaton goge ne da ya kai tsayin mutum, a tsaye ake rungumarsa ana fizgar tsirkiyarsa da yatsu.

Dole in tsaya a kan kalmar fiyano, don a wurinmu ta ɗauki wata ma'ana. In aka ce kiɗan fiyano a Kano ko Kaduna, abin da ke zuwa a rai shi ne allon lantarkin nan na situdiyo da mutum ɗaya zai danna ya fitar da kalangu da sarewa da tafi, ya ɗora su a kwamfuta su yi ta zagayawa babu gajiya babu kuskure. Na Brubeck akwatin katako ne mai nauyi, cike da wayoyin ƙarfe da ƙananan guduma, ba ya neman wuta, kuma ba ya yin komai sai abin da yatsa ya sa shi. Duk faifan haka yake. Mutum huɗu suka shiga wani tsohon coci da Columbia ta mayar ɗakin ɗaukar sauti a titi na 30 a Niyok, a ranakun 25 ga Yuni, 1 ga Yuli da 18 ga Agusta na 1959, suka yi kiɗa bakwai da jimillarsu ba ta cika minti 40 ba. Babu baiti ko ɗaya, babu muryar kowa. 

Abin da ya bambanta faifan da sauran shi ne taki. Kusan duk jaz na zamanin a kan huɗu yake tafiya, ɗaya biyu uku huɗu, ka dawo. Wanda ya taɓa karanta aruli ya san yadda kunne ke sabawa da ƙafafun baiti, har in an ƙara gaɓa ɗaya ya ji kamar ya taka tsakuwa. To Brubeck tsakuwar ya je ya ɗebo da gangan, kuma sanin inda ya ɗebo ta shi ne rabin shari'ar.

A 1958 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta tura ƙungiyarsa yawon duniya. Lokacin Yaƙin Cacar Baka ne, Tarayyar Sobiyet tana ta nuna wa ƙasashen Afirka da Asiya hotunan yadda ake cin zarafin baƙar fata a kudancin Amurka, ita kuwa Amurka ta rasa amsa sai ta koma ga makaɗa. Muryar Amurka ta fara watsa shirin jaz na Willis Conover a 1955, aka tura Dizzy Gillespie a 1956, aka bi da wasu. Mu ma abin ya iso mu: a 1960, makonni kaɗan bayan samun 'yancin kai, Armstrong ya zo Nijeriya, har akwai hotonsa da Sardauna a Kaduna. Farfaganda ce, ba sai an yi mata kwalliya ba. Gwamnatin da a 1957 sai da ta tura sojoji kafin yara tara baƙar fata su shiga makarantar sakandare a Little Rock, ita ce ke aika baƙi da farare a kan dandamali ɗaya su nuna wa duniya wai a gida lafiya lau ake zaune. Brubeck ya bi ta Poland, Turkiyya, Indiya, Silon (Sri Lanka ta yau), Pakistan, Afganistan, Iran, ya ƙare a Bagadaza, 'yan makonni kafin sojoji su kifar da sarautar Iraƙi a watan Yuli. A dab da wannan tafiyar ne Wright ya shigo ƙungiyar.

A Santambul ya ji makaɗan titi suna wani kiɗa mai bugu tara, amma ba a raba shi uku-uku yadda Turawa suka saba ba. Biyu, biyu, biyu, sannan uku. Gwada shi da tafi: ɗaya-biyu, ɗaya-biyu, ɗaya-biyu, ɗaya-biyu-uku. Turkawa na kiran irin wannan takin aksak, ma'anarsa ɗingishi, kuma sunan ya dace, don ji za ka yi kamar mai tafiya yana jan ƙafa ɗaya. Da Brubeck ya tambaya, aka ce masa wannan takin a wurinsu kamar yadda bulus, wani tsohon salon kiɗan baƙar fata, yake ne a wurin Amurkawa, abin da kowa ya tashi a ciki. Daga nan kiɗan farko na faifan ya fito, Blue Rondo à la Turk. Yana farawa da ɗingishin nan da gudu, kamar ana kora, sai can Desmond ya shigo, ƙasa ta baje, a koma huɗu, a koma bulus na baƙar fatar Amurka, a yi ta kai da komo tsakanin biyun kafin a zauna. A ganina nan ne faifan ya fi ƙarfi, ya ma fi Take Five. Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara, to Brubeck bai yi ƙoƙarin rufewa ba. Ya bar ɗinkin a fili, kana jin inda na Turkawa ya ƙare na Amurka ya fara, kuma ya sa sunan masu zanen a jikin sunan kiɗan. Ɓarawo ba ya haka.

Kamfanin bai so faifan ba. Sashen talla ya ce kiɗa ne da ba a iya rawa da shi, duka sababbi ne babu wanda jama'a suka sani, ga shi a bango an sa zanen wani mai zane, Neil Fujita, maimakon hoton makaɗan. Shugaban kamfanin, Goddard Lieberson, shi ya tsaya aka fitar. Masu sharhin jaz da yawa suka yi masa ca, wasu suka ce lissafi ne kawai aka sa wa kaya. Wannan ya kamata abokina ya lura da shi: mutumin da ke neman kuɗi da sauƙi a 1959, da hanya a buɗe take, ya ɗauko tsofaffin waƙoƙin soyayya ya shafa musu mai. Brubeck ya zaɓi abin da 'yan kasuwar kamfaninsa suka ce ba zai sayu ba. Sai a 1961 ne gidajen rediyo suka kama Take Five, ya hau har lamba 25 a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Amurka, faifan kuma ya kai lamba 2.

Yanzu ga Eugene Wright, wanda a kansa ne nake ganin hujjar abokina ta fi rauni.

A 1958, a wata kwaleji a jihar North Carolina, hukumar makarantar ta ce Wright ba zai hau dandamali ba. Ɗalibai sun cika zaure suna buga ƙafa, Brubeck ya ce in babu shi babu wasa. Bayan doguwar jayayya aka yarda, da sharaɗin a ajiye shi can baya inda ba za a lura da shi ba. Yadda Brubeck ya ba da labarin, da aka fara sai ya ce wa Wright makirfonsa ya lalace, ya matso gaba ya yi amfani da nasa, ya kuma ba shi fili ya kaɗa shi kaɗai a gaban kowa. A shekarar kuma ya ƙi zuwa Afirka ta Kudu saboda an gindaya masa sharaɗin ya zo da farare zalla. Ya fasa wani shirin talabijin da ya gane ana shirin kawar da kyamara daga kan Wright. Babbar kuwa ita ce ta farkon 1960, makonni kaɗan bayan fitowar faifan nan, lokacin da ko wane makaɗi ke bukatar yawo don tallata sabon aikinsa. An shirya masa wasa 25 a kwalejoji da jami'o'in kudancin Amurka. Da suka gane akwai baƙar fata a ƙungiyar, fiye da 20 suka ce sai dai a sauya shi. Sauya mai bes na 'yan makonni abu ne da ake yi kullum a sana'ar, babu wanda zai zarge shi. Ya ƙi. Asarar ta kai kusan dala 40,000, a kuɗin wancan zamanin, ga mutum mai mata da 'ya'ya biyar.

Na san abin da za a ce, don abokina ya riga ya faɗa mini: me ya sa za a yi ta tafa wa Bature don ya yi abin da ko wane mutumin kirki ya kamata ya yi? Wright fa shi ne wanda ake nunawa da yatsa, shi ne ke shiga ta ƙofar baya, shi ne ke neman inda zai kwana in an gama wasa. Gaskiya ne, kuma labarin yakan juye ya zama na gwarzantakar Brubeck, a bar Wright a tsaye kamar kayan shaida. Wannan laifin masu ba da labarin ne, har da ni in ban yi hankali ba. Amma tuhumar da aka kawo ita ce cin gumi, kuma mai cin gumin mutum ba ya zubar da dala 40,000 don kada a raba shi da mutumin. Da yawa daga cikin masu zagin Brubeck a yau, a kan abin da bai kai kuɗin cefanen wata ba za su sauya abokin aiki su ce ai yanayi ne. Daga baya shi da matarsa Iola suka rubuta wani wasan waƙa tare da Armstrong, suna yi wa ita kanta gwamnatin da ta aike su shaguɓe kan tura jakadun kiɗa waje alhali a gida ba su da 'yancin zama inda suke so. An yi shi a bikin jaz na Monterey, a Kaliforniya, a 1962.

Akwai wani ƙorafi da ya fi wannan nauyi, shi ne yadda ake cewa Brubeck ne ya fara fitar da jaz daga takin huɗu. Ba shi ne ba. Max Roach, gwanin ganga baƙar fata, ya fitar da faifai guda cur a kan takin uku tun 1957, kuma a 1960 ya yi amfani da takin biyar a faifansa na neman 'yanci, wanda Babatunde Olatunji, ɗan Nijeriya, ya buga ganga a ciki. Wannan faifan na Roach bai ga ko ƙurar cinikin Time Out ba, a Afirka ta Kudu ma haramta shi aka yi. Ga karkatar kasuwa nan a fili: biyar ɗin da ke sanyaya zauren otal ta sayu, biyar ɗin da ke maganar bulalar mai gandu ba ta sayu ba. Sai dai ban ga yadda za a ɗora wa Brubeck wannan ba, sai in za a ce laifinsa ne da jama'a suka fi son abin da ba ya tayar musu da hankali.

Waɗanda nake ganin an ƙware su, na farko yana cikin ɗakin, kuma Bature ne. Joe Morello ne ya zo da takin biyar. Ya daɗe yana wasa da shi in an ba shi fili, yana ta roƙon a rubuta masa kiɗan da zai hau kai. Brubeck ya ɗora wa Desmond aikin, Desmond ya zo da guntayen karin busa biyu yana cewa ya kasa, Brubeck ya ce a haɗa su, ɗaya ya zama jiki ɗaya ya zama gada. Ranar farko suka yi ta gwadawa bai zauna ba, sai a wani zama daga baya. Desmond da kansa ya sha faɗa cewa ba a yi kiɗan don ya yi kasuwa ba, an yi shi ne don Morello ya samu inda zai baje kolinsa. Ka saurara za ka gane. Tsakiyar kiɗan gaba ɗaya ta ganga ce. Fiyano da bes suna riƙe da igiya, uku da biyu, uku da biyu, ba sa motsi, shi kuwa Morello yana ta barin gurabe, ya buga ya yi shiru, ya bar ka kana jira, ya faɗo inda ba ka zata ba. Makaɗi mai ƙaramin sani cika ko ina yake yi da bugu. Shi shirunsa ma kiɗa ne.

Amma a takarda, sunan Desmond kaɗai ke kan Take Five. Dokar haƙƙin mallaka, yadda Turawa suka gina ta, karin waƙa da kalmomi ta sani. Taki ba shi da mai shi a wurinta, ko da shi ne ƙashin bayan abin. Don haka duk kuɗin mawallafi Desmond ya bi, kuma da ya rasu a 1977 ya bar wasiyya a riƙa bai wa ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Amurka. Sadaka ce mai kyau, Allah ya sani. Morello, wanda ba don shi ba da babu kiɗan, ba ya cikin wannan kason har ya rasu a 2011. Su kuwa makaɗan titin Santambul, ko sunan ɗaya daga cikinsu bai shiga tarihi ba. An ambaci ƙasarsu, an gode, an wuce. Kuɗin mawallafi na Blue Rondo na Brubeck ne shi kaɗai. A nan, in abokina ya ce gardi ya karɓi kuɗi, ba ni da bakin musu.

Abin da ya sa wannan ya fi damuna shi ne dokar da ba ta san taki ba, kullum mutanen ganga za ta ƙware, ko a Turkiyya suke, ko a Kuba, ko a nan. Kuma mu ma ba mu da bakin yi wa kowa gori. Ɗauki duk wani babban mawaƙinmu na gargajiya da kake so, kowa ya san sunansa da garinsu da ubangidansa. Tambayi mutum goma sunan wanda ya riƙe masa kalangu ko kotso shekara talatin, wanda in ya saki hannu waƙar ta zube, ka ga ko mutum biyu za su amsa. A faifan Time Out aƙalla an rubuta sunayen mutum huɗun a bango, kowa da abin da ya kaɗa, shi ya sa ma nake iya kawo ƙarar Morello yau. Namu 'yan amshin da makaɗan, yawancinsu ko wannan ba su samu ba.

Ba na cewa faifan ba shi da aibi. Hannun Brubeck yana da nauyi, wani lokaci yakan kama curin sauti ya yi ta dukansa kamar maƙeri, har ka ƙosa Desmond ya dawo. Kiɗa biyun ƙarshe ba su kai na farko ba, sau da yawa nakan tsaya kafin in kai gare su. In aka ce in zaɓi faifai ɗaya daga 1959 in tafi da shi kurkuku, mai yiwuwa na Miles Davis zan ɗauka ko na Charles Mingus, manyan makaɗan jaz baƙar fata, duka a shekarar suka fito kuma duka a kamfani ɗaya da na Brubeck. Amma shi Miles ɗin, wanda ba a san shi da yabon kowa don kunya ba, ya ɗauki kiɗa biyu da Brubeck ya rubuta ya sa a nasa fayafayan. Da na gaya wa abokina haka sai ya ce ai Miles ma yana kuskure. Muka yi dariya, aka bar maganar a nan ranar.

A 2011 wasu dattawan makaɗa a Lahore ta Pakistan, waɗanda a da suke yi wa finafinan ƙasar kiɗa kafin masana'antar ta durƙushe su koma ƙananan sana'o'i, suka taru a situdiyon Sachal suka sake Take Five da sitar, molonsu na gado, da tabla, gangunansu na hannu, da gogunan Turawa. Mutumin da ya tara su yana yaro ne mahaifinsa ya kai shi kallon Brubeck a Lahore a waccan tafiyar ta 1958. Bidiyon ya zagaya intanet, Brubeck, yana da shekara 90, ya aika musu cewa bai taɓa jin wanda ya sake kiɗan ta hanya mai ban sha'awa kamar tasu ba. Na tura wa abokina. Mai tablar yana buga biyar ɗin nan kamar ruwan sha, don a kiɗansu na gado akwai taki goma da bakwai da sha huɗu, biyar ba baƙuwa ba ce. Abokin nawa ya kalla har ƙarshe, ya turo mini saƙo ɗaya: "To su kuma gumin wa suka ci?" Na ce masa a takarda dai na Desmond ne, kuɗin kuma Red Cross za ta karɓa.

Brubeck ya rasu a Disamba na 2012, saura kwana ɗaya ya cika 92. Wright ne ya fi su duka daɗewa, sai a ƙarshen Disamba na 2020 ya rasu yana da shekara 97. Yanzu in na kunna Take Five shi nake bi. Sai ka rage ƙarar titi, ka sa abin kunne, sannan za ka same shi can ƙasa, yana fizgar sautuka ukun nan, ya koma, ya sake, fiye da minti biyar bai ƙara ba bai rage ba, Morello yana ta tsalle a kansa. Rannan a danja na kama kaina ina ƙirgawa da yatsa a kan sitiyari, har na bayana ya yi mini hon.